Monē: Wane Irin Wurin Zama Yesu Ya Yi Alkawari a Yahaya 14?

Da wuya a rufe gawar Kirista ba a karanta farkon sura 14 ta Bisharar Yahaya ba, inda Yesu ya ce wa almajiransa kada zuciyarsu ta ɓaci, a gidan Ubansa akwai wurin zama da yawa. Abin da kan biyo baya a bakin mai wa'azi, sau da yawa, bayanin katafaren gida ne: bene hawa bisa hawa, ƙofar zinariya, wanda ya ƙare rayuwarsa a ɗakin haya yau ya karɓi makullin fadarsa. Jama'a su amsa da amin, hawaye na zuba. Ban raina zuciyar da ke neman sanyaya wa masu makoki rai ba, amma ayar ba ta faɗi haka ba, kuma abin da ta faɗa ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba.

Kalmar da aka fassara da "wurin zama" a Helenanci, wato Girkancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ita ce monē (μονή), jam'inta monai. Sau biyu kacal ta fito a Sabon Alkawari gaba ɗaya, kuma duka biyun a sura ɗaya suke, aya 2 da aya 23, inda Yesu ya ce shi da Uba za su zo su zauna wurin mai ƙaunarsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya tsaya. Kalmar da marubuci bai taɓa amfani da ita ba sai sau biyu cikin zance guda, ba a fassara ɗaya a manta da ɗayar.

Asalinta daga aikatau ne, menō, ma'anarsa zama, tsayawa, ci gaba da kasancewa a wuri ba tare da tashi ba. Yadda "zauna" ta haifi "zama" da "mazauni" a Hausa, haka menō ta haifi monē, shi ya sa takan nufi zaman kansa, takan kuma nufi wurin da ake zaman. A littafin 1 Makabi 7:38, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na 'yan Katolika, firistoci sun yi addu'a a kan Nikano, shugaban sojan da ya yi barazanar ƙona Haikali, da rundunarsa, suka roƙi Allah kada ya ba su monē, wato kada ya bar su su wanzu. Babu bango babu rufi a wannan aya, wanzuwa ake magana. Girkawa na yau kuma da wannan kalma suke kiran gidajen sufaye irin na Dutsen Atos da na Sina'i, wuraren da mutum ke shiga da niyyar ba zai sake tashi ba. Ko ta wace fuska aka dube ta, tsawon zama take nufi. Ba ta ce komai a kan faɗin fili ko tsadar gini ba.

Siffar da ke tare da ita a aya 2 ma haka take. Pollai ce, ma'anarta "masu yawa". Yawa ake nufi, ba girma ba. Marubutan Bishara sun san yadda ake cewa ɗaki babba ne: Markus 14:15 da Luka 22:12 sun kira ɗakin da aka ci jibin ƙarshe a cikinsa "babban bene". Yahaya kansa yana da kalmar fada, ya yi amfani da praitōrion ga fadar Bilatus a 18:28, da aulē ga harabar gidan babban firist a 18:15. Da fada Yesu yake nufi, da kalmomin suna nan a hannu. Hankali ma ya ƙi ɗauka, domin ayar ta ce waɗannan wurare a cikin gida ɗaya suke. Ta yaya za a zuba fadoji barkatai a cikin gida guda?

To daga ina fadar ta fito? Hanyar tana da tsawo amma a bayyane take. A wajen shekara ta 382 Fafaroma Damasus ya ɗora wa malamin coci Jerom aikin gyara fassarar Bishara ta harshen Latin, ya kuma miƙa aikin a 384. A wannan fassara monai ta zama mansiones, kuma zaɓi ne mai kyau ƙwarai, domin mansio daga manere take, wadda ita ma ma'anarta zama ne. A aya 23 ma kalmar ɗaya aka sa, don haka mai karatun Latin yana ganin igiyar da ta haɗa ayoyin biyu. Bayan fiye da shekara dubu, Wiliyam Tindal ya fitar da Sabon Alkawari cikin Ingilishi a 1526, ya ɗauko kalmar Latin ɗin ya rubuta mansions. A Ingilishin zamaninsa wurin zama kawai take nufi. Fassarar Janeba ta 1560 ta kauce mata ta sa kalmomin da ke nufin "wuraren zama" kai tsaye, amma fassarar Sarki Jems ta 1611 ta koma ga zaɓin Tindal, ita ce kuma ta mamaye duniyar masu jin Ingilishi ɗaruruwan shekaru. Ana nan harshen ya yi ta sauyawa, kalmar ta koma nufin gidan attajiri, ayar kuwa tana nan yadda aka buga ta. Ƙari a kan haka, fassarar ta 1611 ta sa wata kalma dabam a aya 23, sai igiyar ta tsinke. Babu wanda ya yi ha'inci a wannan tarihi. Harshe ne ya gusa ya bar rubutu a baya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu masu karatu da Hausa ba mu da wannan matsala a littafinmu, amma mun je mun aro ta. Fassarar da aka saba karantawa a coci ta ce "wurin zama da yawa", kuma wannan ya fi kusa da Helenancin fiye da tsohuwar fassarar Ingilishi. Sai dai wa'azi da waƙoƙin da suka shigo ta Ingilishi sun ɗora mana hoton fadar a kai, har mutum yana karanta "wurin zama" da idonsa yana ganin bene a zuciyarsa. Aka kuma gauraya ayar da Wahayin Yahaya 21:21, inda aka ce titin birnin zinariya ne, alhali wannan sura ba ta ambaci gidan kowa ba. Fassarar Larabci ta Ban Daik, wadda aka kammala a Beirut a 1865, ta yi adalci a nan: manazil a aya 2, manzil a aya 23, kalma ɗaya a wurare biyun.

Akwai wata fahimta da ta girmi maganar fada, ta kuma fi ta hujja, saboda haka ta cancanci a saurare ta. A daular Rum, mansio suna ne na zangon da gwamnati ke ginawa a kan manyan hanyoyi, kimanin tafiyar yini tsakanin wannan da wancan, inda manzanni da ma'aikata ke kwana su wuce da safe. A Helenanci ma ana samun monē da ma'anar masaukin matafiyi. Orijin na Iskandariya, malamin ƙarni na 3, ya ɗauki ayar a haka: rai bayan mutuwa yana hawa daga zango zuwa zango, a kowanne yana ƙara sani, har ya kai ga Allah. Wasu malaman Ingila na ƙarni na 19, irin su Westkot, sun sake raya wani ɓangare na wannan ra'ayi, suka ce kalmar ta haɗa hutu da ci gaba. Tunani ne mai daɗin ji, amma Yahaya bai ba shi wurin tsayawa ba. Aya 3 ta faɗi ƙarshen tafiyar: zan dawo in ɗauke ku zuwa wurina, domin inda nake ku ma ku kasance. Babu wani zango a gaba da wannan. Idan kuma monē masaukin dare ɗaya ce a aya 2, dole ta zama haka a aya 23, sai ya zama Uba da Ɗa za su kwana wurin mai bi su tashi da asuba, abin da ya saɓa wa duk zancen surar. Kalmomin masauki suna nan a Sabon Alkawari, kataluma a Luka 2:7 da pandocheion a labarin Basamariye a Luka 10:34. Yahaya bai taɓa su ba.

Fahimta ta uku ita ce ta darajoji. Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya rubuta a wajen shekara ta 180 cewa dattawan da suka gabace shi sun koyar da cewa wasu za su zauna a sama, wasu a Firdausi, wasu a birnin, gwargwadon 'ya'yan da suka bayar, riɓi ɗari ko sittin ko talatin. Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya haɗa ayar da misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20: dinari ɗayan da kowa ya karɓa shi ne rai madawwami, wuraren zaman kuwa bambancin lada ne, amma babu hassada domin ƙauna ta sa abin ɗaya ya zama na kowa. Maganar lada tana da ayoyinta, 1 Korintiyawa 3:12-15 da Luka 19:17-19 suna cikinsu, kuma can ya kamata a yi muhawararta. A Yahaya 14 dai an ce "masu yawa", ba a ce "iri-iri" ba. A tuna kuma su wa ake faɗa wa. Luka 22:24 ya nuna a wannan cin abincin ne gardama ta tashi tsakaninsu a kan wane ne babba, Yahaya 13 kuma ya nuna Ubangijinsu ya ɗaura tawul ya wanke musu ƙafa. Ba na jin bayan wannan zai juya ya yi musu albishir da jerin muƙamai.

Don a ji ayar da kunnen waɗanda suka fara jinta, sai a cire shingen da ke tsakanin sura 13 da 14. Rabon surori aikin ƙarni na 13 ne, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai a 1551 aka sa su. Zancen ɗaya ne bai yanke ba. Yahuza Iskariyoti ya fita cikin dare. Yesu ya ce wa sauran, 'ya'yana ƙanana, saura kaɗan nake tare da ku, inda za ni ba za ku iya zuwa ba. Bitrus ya kasa haƙuri: Ubangiji, ina za ka? Me zai hana in bi ka yanzu? Aka amsa masa cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau uku. Nan take sai maganar ta koma ga dukansu: kada zuciyarku ta ɓaci. Aikatau ɗin da aka yi amfani da shi, tarassō, shi ne Yahaya ya yi amfani da shi ga Yesu kansa a kabarin Li'azaru, da lokacin da ya hango sa'arsa a 12:27, da lokacin da ya ce ɗayanku zai bashe ni. Wanda ke cewa kada hankalinku ya tashi ya san tashin hankalin daga ciki.

Waɗannan mutane ba matsalar muhalli ce ta dame su ba. Sun bar jirgi da taru da teburin haraji sun bi mutum ɗaya, yanzu yana cewa zai tafi, kuma mafi ƙarfin zuciya a cikinsu an ce zai faɗi kafin gari ya waye. Tsoronsu biyu ne: rabuwa da shi, da kuma ko akwai sauran wuri ga wanda ya kāsa. "Wurin zama da yawa" amsar waɗannan biyun ce.

A nan ne asalin kalmar ke da amfani, domin menō ita ce jijiyar Bisharar Yahaya. Ta fito kusan sau 40 a cikinta, fiye da yadda ta fito a sauran Bisharu uku a haɗe. Tambayar farko da almajirai suka yi wa Yesu a 1:38 da ita aka yi: Malam, ina kake zaune? Ya ce su zo su gani, suka je suka zauna tare da shi ran nan. Kafin wannan, alamar da aka ba Yahaya Mai Baftisma ita ce wanda Ruhu ya sauko ya zauna a kansa, ba ya sauko ya tashi ba. Samariyawa sun roƙe shi ya zauna wurinsu, ya zauna kwana biyu. A 6:56 wanda ya ci namansa ya sha jininsa yana zaune a cikinsa, shi ma a cikin mutumin. A 8:31 almajiri na gaske shi ne wanda ya zauna cikin maganarsa. A sura 14 kanta, Uba yana zaune cikin Ɗa a aya 10, Ruhu yana zaune tare da almajirai a aya 17. Sai sura 15, misalin kurangar inabi da rassanta, inda kalmar ta fito sau 10 daga aya 4 zuwa 10. Fassara kan rarraba ta, nan "zauna", can "dawwama", can "tabbata", amma mai jin Helenanci sauti ɗaya yake ji yana maimaituwa. Da ya iso ga monai, babu abin da zai kai tunaninsa ga gini. Zai ji zaman nan ne da aka yi ta ambata tun sura ta fari.

Aya ɗaya ta fi sauran haskaka wannan, ita ce 8:35: bawa ba ya zama a gida har abada, ɗa shi ne ke zama har abada. Kalmomi biyun da suka gina 14:2 suna nan tare, menō da oikia, zama da gida. Bawa yana iya kwana a gidan shekara da shekaru, amma ana iya sayar da shi ko a sallame shi. Ɗa ba ya bukatar izinin kwana. Aya ta gaba ta ce idan Ɗan ya 'yanta ku, kun 'yantu da gaske. Saboda haka samun monē a gidan Uba yana nufin an ba mutum matsayin ɗan gida, irin wanda Ɗan ke da shi tun asali. Shi ya sa bayan tashinsa daga matattu ya aiki Maryamu Magadaliya da saƙon da bai taɓa furta irinsa ba a wannan Bishara: je wurin 'yan'uwana, ki ce musu zan hau wurin Ubana da Ubanku.

"Gidan Ubana" kuma fa? Wuri ɗaya ne kawai ban da nan Yesu ya faɗi haka a Bisharar Yahaya, a 2:16, lokacin da ya kori 'yan kasuwa daga Haikali. Haikalin kuwa yana da ɗakuna a jikinsa. Na Sulemanu, bisa ga 1 Sarakuna 6:5-6, an kewaye shi da ɗakuna hawa uku, faɗin na ƙasa kamu biyar, na tsakiya shida, na sama bakwai. A wahayin Ezekiyel 41:6 ɗakuna talatin ne a kowane hawa. Bayahude da ya tashi yana rera Zabura 27:4, yana roƙon ya zauna a ɗakin Ubangiji dukan kwanakin ransa, zai ji amon wannan. Amma Yahaya bai bar Haikali a matsayin dutse ba, nan da nan a 2:21 ya ce Haikalin da Yesu ke nufi jikinsa ne. Sannan oikia ba gini kaɗai take nufi ba, tana nufin mutanen gida, kamar a 4:53 inda bafaden da Yesu ya warkar wa ɗa ya ba da gaskiya shi da gidansa duka.

Yadda talakan Galili ke zama ma ya taimaka. Tun daga 1968 masu haƙar tarihi na ɗariƙar Faransiskan, Korbo da Lofreda, suka tono gidajen Kafarnahum: ƙananan ɗakuna na baƙin dutse kewaye da tsakar gida, iyalai da yawa na dangi ɗaya suna shiga ta ƙofa guda. Markus 1:29-30 ya kira ɗaya daga irinsu gidan Saminu, wato Bitrus, da Andarawas, surukar Saminu ma tana ciki. Bahaushe bai bukatar dogon bayani a nan. Gidan gado ne: zaure ɗaya, tsakar gida ɗaya, ɗa ya yi aure a yanka masa sashe a ciki, jikoki su tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya. Darajar ɗakin ba a faɗinsa take ba, a gidan wa yake. Wa'azin fada yana juya wannan hoto, ya ware kowa a bayan katangarsa, alhali alkawarin na haɗuwa ne a gida ɗaya.

Yanzu sai aya 23, wadda a ganina ita ce makullin surar, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Almajirai uku sun katse Yesu da tambaya a wannan sura. Toma ya ce ba su san inda za shi ba, ta yaya za su san hanya. Filibus ya ce a nuna musu Uban ya ishe su. Na ukun shi ne Yahuza, ba Iskariyoti ba, ya ce: Ubangiji, me ya faru za ka bayyana kanka gare mu, ba ga duniya ba? Yana jiran bayyana irin ta sarakuna, wadda kowa zai gani. Amsar ita ce, duk mai ƙaunata zai kiyaye maganata, Ubana zai ƙaunace shi, za mu zo wurinsa, mu yi monē a wurinsa. Alƙiblar ta juya gaba ɗaya. A aya 2 mutum ne ake kaiwa gidan Allah, a aya 23 Allah ne ke tahowa ya kafa mazauninsa wurin mutum. A can Ɗan ya tafi ya shirya mana wuri, a nan Uba da Ɗa sun mai da mai bi wurin zamansu. Gwada sa "fada" a wannan aya ka ji yadda za ta kasance, a nan ne za ka tabbatar kalmar ba ta taɓa nufin haka ba.

Wannan tsohon buri ne na Littafi Mai Tsarki. A Fitowa 25:8 Allah ya ce a yi masa wuri mai tsarki domin ya zauna a tsakiyar jama'arsa. Sulemanu, ranar keɓe Haikali, ya yi tambayar da ta fi ginin girma: ashe Allah zai zauna a duniya, shi da sammai ba su iya ɗaukarsa ba? Ezekiyel 37:27 ya maimaita alkawarin ga mutanen da ke zaman bauta a Babila. Yahaya 1:14 ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kuma aikatau ɗin da ke wurin daga skēnē yake, alfarwa, wato ya kafa alfarwarsa. Alfarwa ana tuge ta a naɗe, kuma daren da ake wannan zance ana gab da tuge ta ne. Abin da aya 23 ke faɗi shi ne tafiyar tasa ba za ta rage kusancin ba. Wanda ya kafa alfarwa a tsakaninsu shekaru kaɗan zai dawo ta wurin Ruhu ya yi zaman da babu tashi. Aya 18 ta faɗe shi da kalmar da kowa ke ji a jikinsa: ba zan bar ku marayu ba.

Malamai sun rabu a kan lokacin cikar aya 2 da 3. Wasu sun ce duka ya cika da tashin Yesu da zuwan Ruhu, babu maganar lahira a ciki. Wasu sun ce komowarsa ta ƙarshe kaɗai ake nufi. Ban ga dalilin yanke ɗaya a jefar ba. An ce wa Bitrus a 13:36 ba zai iya bi yanzu ba amma zai bi daga baya, 21:18-19 kuma ya nuna wannan bin ta hanyar mutuwa ne. A 17:24 Yesu ya roƙi Uba waɗanda aka ba shi su kasance inda yake su ga ɗaukakarsa. Waɗannan suna duban gaba ne, bayan kabari. Aya 23 kuwa sharaɗinta ƙauna da kiyaye magana, abubuwan da ake yi da rai. Zama ɗaya ne, ya fara yanzu, mutuwa ba ta katse shi. Wanda ya ɗauki aya 2 ya bar aya 23 zai yi ta jiran gidan da zai shiga wata rana, bai lura da Baƙon da ya ce zai zauna wurinsa yau ba.

Maganar "shirya wuri" ma an yi mata kwalliyar da ba tata ba. Akan ji ana cewa shekara dubu biyu ke nan Yesu yana gini, to ka ƙiyasta kyan gidan. Amma ayar ta ce wuraren suna nan tun kafin ya tafi, "akwai" ta ce. Abin da babu shi ne hanyar shiga, shi ya sa zancen ya gangara kai tsaye zuwa aya 6, ni ne hanya. A harshen Yahaya "tafiya" tana nufin gicciye da tashi da komawa wurin Uba, tafiyar kanta ita ce shirin. Ibraniyawa 6:20 ta kira shi wanda ya riga mu shiga dominmu. Akwai ɗan bambanci tsakanin tsoffin kwafe a rabin ayar na biyu, wasu suna da ƙaramar kalmar hoti, mai nufin "cewa" ko "domin", wasu babu, kuma da yake ba a sa alamar tambaya a rubutun wancan zamani, ana iya karanta ta a matsayin tambaya ko bayani. Ko wanne aka bi, ma'anar monē ba ta motsa ba.

Dalilin da ya sa na damu da wannan ba son gardamar kalmomi ba ne. Wa'azin fada yana koya wa talaka cewa abin da Allah ya tanadar masa shi ne abin da mai kuɗi ke da shi yanzu, sai dai a jira. Bai taɓa son abin duniya da ke zuciya ba, ya ɗaga masa rana ne kawai. Mafi muni shi ne inda ake cewa girman gidanka a sama gwargwadon abin da ka sa a baiko ne, a mai da ayar da aka faɗa wa mutane masu rawar jiki sandar karɓar kuɗi. Gwauruwar da ba ta da abin bayarwa sai ta koma gida tana lissafin cewa ko a can ma ɗan ƙaramin ɗaki ne rabonta. Yesu bai faɗa wa Bitrus haka ba a daren da ya san zai yi musunsa.

Saura kalmar "da yawa", kuma ita ma tana da mutanen da aka faɗa dominsu. Yawancin masana suna sa rubuta wannan Bishara a ƙarshen ƙarni na farko, bayan sojojin Rum sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70. Gidan dutsen da ake kira gidan Allah ya zama kufai. Yahaya kaɗai ne kuma a Sabon Alkawari ya yi amfani da kalmar aposunagōgos, wanda aka fitar daga majami'a, har sau uku: a 9:22 inda iyayen makahon da aka warkar suka ji tsoron magana, a 12:42 inda shugabanni suka ɓoye bangaskiyarsu, da 16:2, a cikin wannan zance na daren ƙarshe, inda Yesu ya ce wa almajiran kai tsaye za a fitar da su. Fitarwa daga majami'a a wancan zamani ba hana shiga ɗakin sujada kaɗai ba ce, yankewa ce daga dangi da abokan ciniki da duk wanda zai tsaya maka. Ga kuma waɗanda ba Yahudawa ba, "waɗansu tumaki" na 10:16 da Helenawan da suka zo neman ganin Yesu a 12:20, waɗanda a Haikalin dā akwai katangar da aka rubuta musu gargaɗin kisa idan suka ƙetare ta. Masu karatun farko ke nan: waɗanda aka kora daga inda suke, da waɗanda ba a taɓa bari su shiga ba. Su ne aka gaya wa cewa a gidan Uban wuri ba ya ƙarewa, kuma wanda aka ba shi ba za a tashe shi ba.